Lambu, Kaji ko Awaki: A Ina Matashi Zai Fara Zuba Jarinsa?

Duk matashin da ya yanke shawarar zama a karkara ya mai da noma sana'a, tambayar da yake fara yi wa na gaba da shi ita ce, "Wanne ya fi kawo riba?" Amsa kuwa takan danganta da ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Mai kaji zai ce kaji, mai lambu zai ce lambu, kowa kuma labarin shekararsa mai kyau zai ba ka, ya haɗiye na shekarar da ya kwana yana ƙirga bashi. Ni da za ka zo mini, ƙanena, sai in juya maka tambayar: a cikin sana'o'in nan, wacce ce idan ta kayar da kai sau ɗaya za ta bar maka abin da za ka dafa ka miƙe? Domin faɗuwar tana nan tafe. Shekarun farko makaranta ce, kuɗin makarantar kuma asara ce. Abin da ya rage maka shi ne ka zaɓi ajin da za ka iya biya.

Da abu uku nake auna kowace harkar gona. Kwana nawa kuɗinka zai yi a waje kafin ya dawo gida? Sau ɗaya za ka zuba, ko kullum sai ka ƙara? Sannan ranar da kaya suka isa sayarwa, kana da bakin cewa "albarka", ko kayan ne da kansu za su tura ka kasuwa? Kada kuma ƙanƙantar fili ta karya maka gwiwa. Ƙididdigar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta nuna kashi 84 cikin 100 na gonakin duniya ba su kai hekta 2 ba, kuma su ke samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake ci.

Kaji: lissafi mai daɗi a takarda

Kaji su suka fi jan hankalin matasa, dalilin kuma a fili yake. Ba sa cin wuri, ba ruwansu da rani ko damina, kuɗinsu kuma yana juyawa da sauri. Ɗan tsakon buroila, wato kajin nama, da ka karɓa yau, cikin mako 6 zuwa 8 ya kai kilo 2 ko fiye. A shekara ana iya juyi biyar, in ana barin ɗaki ya huta kamar mako biyu tsakanin rukuni da rukuni don a share, a wanke, a fesa magani. A dabbobin tudu babu mai mayar da abinci nama kamarsa: in kulawa ta yi kyau, kilo 1.6 zuwa 1.8 na abinci ke ba da kilo 1 na nauyi.

To amma abincin nan shi ne gaba ɗayan maganar. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da za ka kashe a kiwon kaji cikinsu yake tafiya. Kaza ɗaya takan ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa yanka. In ka zuba 500, tan 2 ke nan zuwa 2 da rabi. Abin da ke yaudarar sabon shiga shi ne cin ba bai ɗaya yake tafiya ba. A makon farko ɗan tsako taɓa-ka-lashe yake yi, har ka ɗauka ka sami sana'a mai arha. A mako na shida wannan ɗan tsakon yana share kusan giram 200 a yini, kuma wajen rabin abincin rukunin a makonni biyun ƙarshe ake cinye shi. Wanda ya ƙarar da jarinsa wajen ƙawata ɗaki da sayen 'yan tsaki masu yawa, daidai nan kuɗi ke yanke masa, ya kwashi kajin da ba su isa ba ya kai wa mai saye, shi kuwa mai saye ya ga ido ya raina fata, ya yi tayin da ya ga dama.

Ko da kuɗin bai yanke ba, buroila ba ya jiran kasuwa. Da ya wuce lokacinsa cin yana ƙaruwa, ƙarin nauyin yana raguwa, kowace rana ribarka yake tsattsagewa. Saboda haka mai sayen kaji ake fara nema, sannan a nemi 'yan tsaki. In ba ka san sunan wanda zai ɗauki kajinka ba, da yawan da yake iya ɗauka a mako, da ko hannu da hannu yake biya ko sai ya sayar, to ba ka shirya ba tukuna.

Leyas, wato kajin ƙwai, wani hali ne daban ta fuskar kuɗi. Sai sun kai mako 18 zuwa 20 suke fara ƙwai. Wata huɗu da rabi ke nan kana ciyarwa, kana rigakafi, kana biyan wuta da ruwa, ko sisi bai shigo ba, kowace kaza kuma ta ci kilo 6 zuwa 7 kafin ka ga ƙwan fari. Daga nan ne daɗin yake zuwa, domin kuɗi kullum yake shigowa, kuma kaza mai kyakkyawan iri tana iya yin ƙwai wajen 300 a shekararta ta farko. Sai dai ka duba wannan lissafin da kyau. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 500 suna cin kimanin kilo 57. Idan kashi 85 cikin 100 suna ƙwai, ka kwashi 425, kiret 14 ke nan da ɗoriya. Idan suka sauko kashi 60, ƙwai 300 ne, kiret 10. Abincin kuwa kilo 57 ɗin nan ne, bai ragu ba. Kiret huɗun da ke tsakani su ne ribarka gaba ɗaya, kuma abin da ke kwashe su ba wani babban abu ba ne: zafin rana, ruwan sha ya yanke na 'yan sa'o'i, ka sauya kamfanin abinci kwatsam, haske ya gaza awa 16 a yini, ko wani kare ya firgita su da dare. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Idan suka kai mako 72 zuwa 80 ƙwai ya ja baya, sai a sayar da su nama. Kuɗin nan mutane da yawa ke ɗauka riba ce su kashe, alhali shi ne jarin rukuni na gaba.

Sai cuta, wadda ita ce ta sa nake ɗari-ɗari da tura mai ƙaramin ƙarfi kiwon kaji da yawa. Cutar Niyukasul, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920, tana iya share kusan dukkan kajin da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Gumboro, ita kuma sunan wani ƙauye ne a jihar Delawe ta Amurka inda aka fara bayaninta a 1962, tana kama masu mako 3 zuwa 6 ta karya musu garkuwar jiki. Waɗannan biyu suna da rigakafi mai sauƙin kuɗi, amma maganin yana mutuwa in ya sha zafi a hanya, sai ka ɗiga wa kaji ruwa kana zaton ka kare su. Murar tsuntsaye kuwa ba ta da magani; in ta shiga gona, hukuma kan kashe duk kajin ne don kada ta bazu. Ba ma sai cuta ba. 'Yan tsaki a makon farko suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35. Ni kaina na taɓa barin wutar ɗumama ɗaki ta mutu cikin dare, na ce bari in ɗan runtsa. Da asuba na tarar sun taru a lungu ɗaya sun danne juna, da bokiti na kwashe matattun. Tun daga ranar na gane cewa kaji duka ƙwanka ne a kwando ɗaya: ɗaki ɗaya, iska ɗaya, ruwa ɗaya, kuskure ɗaya ya isa.

Kajin gida ba su cikin wannan lissafi. Kusan kansu suke ciyarwa, amma kaza da ƙyar take wuce ƙwai 60 a shekara. Ka yi musu rigakafin Niyukasul ka bar su suna toshe ƙananan buƙatu. Ba za su riƙe ka a matsayin sana'a ba.

Lambu: ruwa da hanya

Lambu ya yi kama da buroila wajen saurin dawo da kuɗi, wani lokaci ma ya fi shi. Alayyahu mako 3 zuwa 4 an fara yanka. Kokwamba kwana 45 zuwa 60 daga shuka. Kankana 70 zuwa 90. Tumatir yakan yi kamar wata guda a reno, sannan kwana 60 zuwa 80 bayan dashe a fara tsinka, a yi ta tsinka har makonni. Inda suka rabu shi ne lambu yana yarda ka fara da kaɗan ƙwarai. Kana iya koyon aikin a kan 'yan fangaloli goma, ka yi kurakuranka a can da arha, in hannunka ya faɗa ka faɗaɗa. Kuma mafi yawan abin da kake zubawa ƙarfinka ne da lokacinka, su ne kuwa matashi ya fi kowa da su.

Sharaɗinsa na farko ruwa ne, kuma a nan mutane ke yi wa kansu kallon kitse. Rijiyar da ke cika tulunan gida ba lallai ta shayar da lambu ba. Tumatir yana buƙatar ruwa milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa ƙarshen girbi, a wuri mai tsananin zafi ma ya fi haka. Milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ce. Ashe ke nan rubu'in hekta kawai yana shan lita miliyan 1 zuwa miliyan 1 da rabi a zango ɗaya. Don haka kada ka auna ruwanka a lokacin da ƙasa take jiƙe. Je ka duba shi a ƙarshen rani, lokacin da yake kan ganiyar ja da baya, ka tambayi waɗanda suka daɗe a wurin ko ya taɓa ƙafewa. Sannan ka lissafa kuɗin ɗago shi. Injin fetur yana da sauƙin saye amma kullum yana cin aljihu. Mai aiki da hasken rana yana da tsada ranar farko, daga nan ya yi shiru. Ban-ruwa na ɗigo yana kai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ga saiwa, na kwarara a fangali kuwa wajen rabi yakan salwanta, amma na ɗigon yana son ruwa mai tsabta, in ba haka ba ƙofofin su toshe. Ga mai farawa, duk wanda ya fi sauƙin gyara a inda yake shi ya fi.

Sharaɗi na biyu hanya. Kayan lambu sun fi kaji rashin haƙuri. Rahoton FAO na 2019 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da isa hannun 'yan kasuwa. A ganye da 'ya'yan itatuwa adadin ya kusa kashi 22, a hatsi da dangin wake bai kai 9 ba. Latas da aka yanka da safe, kafin yamma ya yi laushi. Nunannen tumatir kwana biyu uku ne a zafi. In tsakaninka da kasuwa tafiya ce mai nisa a kan hanya mai gargada, dillali ya san ba za ka koma gida da kaya ba, kai ma ka sani. A irin wannan wuri gara ka karkata ga masu jure ajiya: albasar da aka busar da kyau tana yin watanni a rumbu mai shan iska, barkono yana busuwa, kabewa tana daɗewa.

Akwai kuma wani tarko da ba na ƙasa ba ne, na mutane ne. Bana tumatir ya yi tsada, kowa ya gani, baɗi kowa ya dasa, duk ya nuna a mako ɗaya, kwando ya koma bai biyan kuɗin motarsa. Wanda ya sha wuya ya gudu, shekara ta uku kaya su yi ƙaranci, farashi ya sake hawa. Haka abin yake zagayawa a ko'ina ake noma. Maganinsa biyu ne, dukansu kuma a hannunka suke. Na farko ka rarraba shuka, kada ka dasa fili gaba ɗaya rana ɗaya. Ka bar mako biyu tsakanin kashi da kashi, yadda in kashin farko ya faɗa a kasuwar banza na uku zai fanshe shi. Na biyu ka koyi fitar da kaya a lokacin da yake wa kowa wuya. Tumatir, alal misali, yana zubar da fure in zafi ya haura digiri 35, a tsakiyar damina kuma cututtukan ganye ke cin sa. Wanda ya san irin da ke jurewa, ya iya kafa masa sanda ya ɗaure, shi ke sayarwa lokacin da kasuwa take nema ido rufe. Wannan ilimi ba a shekarar farko ake samunsa ba, amma shi ne ainihin jarin mai lambu, kuma babu ɓarawon da ke sace shi.

Lambu ma yana da annobarsa. Tsutsar Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta bazu Turai da Afirka da Asiya. Tana shiga cikin ganye da 'ya'yan tumatir ta yi rami, in aka yi sakaci ta cinye gona ƙurmus, kuma tana saurin sabawa da maganin da aka cika maimaita mata. Duk da haka ka lura da bambancin. Tuta ba ta cin albasa, ba ta cin kabeji. Mai lambun da ya shuka iri uku ko huɗu, da wuya ya tashi a tutar babu. In ma zango ya lalace gaba ɗaya, abin da ya tafi iri ne da taki da mai da gumi. Injin yana nan, ƙasar tana nan, bayan wata guda alayyahu ya fara kawo na cefane. Mai kajin da annoba ta share kuwa ɗaki kawai ya rage masa, da buhunan da ya ci bashi.

Awaki da tumaki

Waɗannan su ne kishiyar duk abin da na faɗa a sama. Ba su da gaggawa ko kaɗan. Akuya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 150, in ana kula da ita tana haihuwa sau uku cikin shekara biyu, sau da yawa tagwaye. Ka ɗauka ka fara da uwaye 5, kowace haihuwa ka ƙiyasta ɗa ɗaya da rabi: 'ya'ya 22 ke nan a shekara biyu, kafin ka cire waɗanda za su mutu, kuma za a samu. Garke ne mai kyau, amma ba abin da zai ciyar da kai wata-wata ba ne. Wanda ya ajiye komai ya ce da awaki biyar zai rayu, uwayen zai fara sayarwa tun kafin su haihu.

Fa'idarsu a ma'auni na uku take. Akuya tana jiran kasuwa. In tayin yau bai yi maka ba ka jawo ta gida, gobe ma akuya ce, wataƙila ma da ciki. Kuma ɗaya-ɗaya ake sayarwa: injin ban-ruwa ya lalace, ka ɗaga bunsuru ɗaya ka gyara, sauran suna nan. Shi ya sa nake kallonsu a matsayin asusun gona, inda ribar lambu ko ta kaji take zuwa ta kwanta maimakon ta narke a aljihu.

Turka ita ce hanyar da ke hanzarta su. A sayi ramammen rago mai ƙashi da lafiya, a ba shi maganin tsutsar ciki, a ɗaure shi kwana 90 zuwa 120 a kan harawa da dusa, a fitar da shi lokacin da buƙatar nama ta tashi. Ribar turka ranar saye ake cin ta ko a rasa ta. Wanda bai iya duba haƙori ya san shekaru ba, bai iya bambance ramar yunwa da ramar ciwo ba, to ya tafi kasuwa da wanda ya iya, ko da zai biya shi lada. Abincin ma a lokacin girbi ake tara shi, sa'ad da harawa take arha. Mai sayen ciyawa a ƙarshen rani masu ciyawa yake yi wa kiwo.

Babbar cutarsu ita ce annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda aka fara bayaninta a ƙasar Kodebuwa a 1942. Tana iya kashe mafi yawan garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, amma allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3, kuma tun 2015 FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ƙuduri kawar da ita nan da 2030, kamar yadda aka ga bayan 'yar'uwarta ta shanu a 2011. Duk dabbar da ka sayo, ka ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga garke. Sauran matsalolin na ƙafa biyu ne: sata, da rigimar maƙwabcin da aka ci wa shuka.

Kifin tarwada ba zan daɗe a kansa ba. Halinsa na buroila ne, abinci mai tsada da kuma girma cikin wata 4 zuwa 6, sai dai ya ƙara da buƙatar ruwan sauyi mai yawa, kuma ciwonsa a ƙarƙashin ruwa yake, sai ya taso ka gani. Ba da shi zan fara ba.

Hatsi kuwa, ga mai ƙaramin fili, abin cika rumbu ne fiye da abin tara jari. Masara kwana 90 zuwa 120 ce, amma in da ruwan sama ka dogara juyi ɗaya ne a shekara a wurare da yawa. Tana son taki sosai, farashin taki kuma ba a gonarka ake yanka shi ba: yuriya, mai kashi 46 na sinadarin naitirojin, da iskar gas ake yin ta, shi ya sa ta yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022 lokacin da gas ya yi tsada kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. Ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta tsallako daga nahiyar Amurka aka gan ta a Afirka a 2016, a Indiya a 2018. Inda hatsi ya yi wa kowa fintinkau shi ne ajiya. In ya bushe danshinsa ya sauka kashi 13 ko ƙasa, aka zuba shi a buhun nan mai hana iska shiga, irin PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ƙwarin da ke ciki kan shanye iskar su mutu ba tare da an sa magani ba. Wannan ya buɗe wata sana'a ga wanda ba shi da gona ma: ya saya da kaka lokacin da kowa ke neman kuɗi, ya ajiye, ya fitar in kaya sun janye. Galibi farashi yana hawa, amma akwai shekarar da ba ya hawa, don haka ba harkar kuɗin bashi ba ce.

Fili da bashi

Tunda na ambaci bashi, bari in tsaya a kansa, domin ya fi cuta kashe gonakin matasa. Laifin ba na bashin kansa ba ne, na rashin dacewar lokacin biya da lokacin girbi ne. Bashin da za a fara karɓa bayan wata ɗaya, ka zuba shi a leyas da ba za su yi ƙwai ba sai wata na biyar, ka ga da uwar kuɗin za ka riƙa biya, kaji kuma su kwana da yunwa. Kuma kada "kashi 3 kacal a wata" ya ruɗe ka. Kashi 36 ne a shekara, ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Ni a ganina bashi na faɗaɗa abin da ka riga ka gwada ne ka ga yana biya. Na koyo kuwa da kuɗinka ake yi, komai ƙanƙantarsa.

Sayen fili ma haka. Burin kowa ne ya ce "gonata", amma kuɗin da ka binne a ƙasa ranar farko ba ya sayen iri, ba ya sayen mai. Ka yi haya ko aro, jarinka ya tafi ga abin da ke juyawa da abin da za ka iya ɗauka in an tashe ka: inji, tiyo, abin feshi. Sai dai a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ko da filin kawunka ne, musamman ma in na kawunka ne. Ƙasar da ka shekara biyu kana zuba wa taki ta yi baƙi, ranar da ta fara kyau ake tuna cewa akwai mai ita. In za ka haƙa rijiya ko ka yi gini, kada wa'adin ya gaza shekara uku zuwa biyar.

To, wanne?

In kana da ruwan da ba ya ƙafewa da kasuwar da za ka isa cikin 'yan sa'o'i, lambu ne zaɓina ba tare da jinkiri ba. Ka fara da abin da kai kaɗai za ka iya shayarwa ka nome, iri uku ko huɗu, ɗaya mai saurin fita, ɗaya mai jure ajiya. Ribar zangon farko da na biyu ka sayi awaki da ita.

In ba ka da ruwan ban-ruwa amma kana kusa da masu cin nama, to buroila, amma 50 zuwa 100, ba 500 ba. Kafin ka biya kuɗin ɗan tsako ko ɗaya, ka ware kuɗin abincin rukunin tun daga ranar farko har ranar sayarwa, ka ƙara kashi ɗaya bisa goma don ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi zai faɗa maka kaji nawa za ka saya, ba girman ɗakinka ba. Sai ka yi juyi uku a jere mutuwa ba ta wuce biyar cikin ɗari ba, sannan ka ninka.

In kana da wata sana'a da ke cin wuninka, ko ke ce 'yar'uwa da hidimar gida ba ta barin ki yi nisa, awaki da turka sun fi dacewa, domin safe da yamma suke nema, ba kamar 'yan tsaki da ke son a kwana a kansu ba.

Haɗa su yana da kyau ƙwarai: kashin kaji da na awaki ya rage maka kuɗin taki, ragowar ganyen lambu da harawa su ciyar da dabbobi, masarar gonarka ta shiga abincin kaji, wanda dama fiye da rabinsa ita ce. Amma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe uku rana ɗaya, in kuɗi ya ɓace ba zai san ta wace ƙofa ya fita ba. Don haka kowace harka da shafinta a littafi, ka rubuta har ladan aikinka da na ƙannenka da ke taya ka, ka kuma yanka wa kanka albashi ka tsaya a kansa. Sau da yawa a nan mutum ke gano cewa kajin da yake alfahari da su lambu ne ke ciyar da su.

Leyas ka bar su sai shekara ta uku, lokacin da wata harkar take iya ɗaukar nauyin wata biyar ɗin nan na ci ba biya. Wanda kuma ba shi da ko sisin farawa, ya nemi gonar da ake irin aikin da yake sha'awa ya yi zango ɗaya ko biyu a matsayin ɗan ƙwadago. Za a biya shi, zai ga cuta da idonsa a dukiyar wani, zai san dillalan da ke cika alkawari da masu ɓacewa da kaya. Da abin da ya tara ya sayi abin feshi na goyo, ya koyi awon magani da sa kayan kariya, ya riƙa yi wa manoma feshi ana biyansa, har kuɗin hayar rubu'in eka da na iri su haɗu kafin rani ya kama.